Ciwon matata ya dawo, kuma ta hana a nemi taimako da hotonta

Assalamu alaikum Malama. Ni malamin sakandare ne a nan Zariya, shekararmu 17 da aure, Allah ya ba mu yara huɗu. Shekara uku da suka wuce aka gano matata tana da sankarar mama, aka yi mata aiki da allurar kemo, wato allurar kashe ƙwayoyin sankara, a asibitin Shika, ta samu sauƙi har ta koma kan keken ɗinkinta. A wancan karon na sayar da filina da babur ɗina, na kuma ci bashin kofaretib wanda har yau ana cira a albashina. Watan jiya ta ji wani ƙullutu kusa da tabon aikin, ga ciwon baya da ke hana ta barci, muka koma asibiti aka ce ciwon ya dawo. Kuɗin da aka ƙiyasta mana ya fi albashina na shekara biyu, abin da ya rage mana kuwa shi ne gidan da muke ciki da wata gona da ta gada a wurin mahaifinta. Yayanta yana so a ɗauki bidiyonta a sa a Facebook da TikTok tare da lambar asusu, ita kuma ta rantse ba za a nuna jikinta ga duniya ba, har ta ce in ƙyale ta, kada in sayar da gida yara su rasa uwa su rasa matsuguni. Mahaifiyata ta samo wani mai maganin gargajiya da ya ce zai narkar da ciwon cikin kwana arba'in. Ni kuma kunya ta hana ni komawa wurin mutanen da suka taimaka mana a baya, musamman da yake mun yi walima mun ce ta warke. Don Allah a ba ni shawara.

Wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba uwargida lafiya, ya sa wannan jinya ta zama kaffara, kai kuma ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar walimar nan, domin na ga alama tana cin ka fiye da yadda ka faɗa. Ba ƙarya kuka yi wa kowa ba. Kun ga sauƙi, kun gode wa Allah, kun ciyar da mutane, kuma da haka ya kamata. Sankara cuta ce da takan lafa ta dawo bayan shekaru ko da an yi aikin da ya dace an kuma kammala magani, saboda wasu ƙwayoyinta kan ɓuya a jiki yadda hoto ba ya iya ganinsu. Waɗanda suka ba ka gudummawa a wancan karon kuɗinsu bai tafi a banza ba, domin da shi yaranka suka samu shekara uku tare da mahaifiyarsu tana kan ƙafafunta. Idan ka koma wurinsu, da wannan maganar za ka fara.

Amma kafin ka buga wa kowa waya, akwai zaman da ya kamata ku yi da likitan da ke duba ta, ku biyu, kuma ka tafi da biro da takarda. A wasiƙarka ka ce ciwon ya dawo, sai dai dawowar iri biyu ce, kuma hukuncin da za ku yanke kan gida da gona ya rataya ne a kan wace ce a ciki. Idan ya dawo ne a wurin da aka yi aikin ko a kaluluwar hammata kaɗai, likitoci sukan yi magani da niyyar kawar da shi gaba ɗaya, ta hanyar sake aiki ko gasa wurin da na'urar haske ko kemo, kuma irin wannan magani yana da farko yana da ƙarshe. Idan kuwa ya kai ga ƙashi ko hanta ko huhu, manufar magani takan koma danne ciwon, da rage raɗaɗi, da tsawaita rayuwa cikin sauƙi, wani lokaci na shekaru, kuma kashe kuɗin ba ya tsayawa a wata shida. Ciwon bayan da ka ambata shi ya sa nake matsa maka a kan wannan tambaya. Ba ina cewa ya kai ƙashi ba ne, hoto ne kaɗai zai faɗi haka, amma kada ka bar ofishin likita sai ka ji amsar da kunnenka. Ka tambaye shi kai tsaye ko maganin na warkarwa ne ko na dannewa, zagaye nawa ake sa ran yi, nawa ne kuɗin kowane zagaye, kuma idan kuɗi ya gaza wane sashe ne ba a taɓawa, wane ne yake da madadi mai sauƙi.

Wannan tambaya ta ƙarshe ba rashin kunya ba ce, likitocin sashen sankara suna jin ta kullum. Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadaran jikin mace ke ciyar da ita, wadda ake iya danne ta da ƙwayoyin sha irin su tamoxifen, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na allurai ba. Akwai mai ɗauke da alamar da ake kira HER2, wadda ke buƙatar allurar trastuzumab duk bayan mako uku, kuma ita ce ke cinye dukiyar iyali. Ana gane wannan ne ta hanyar yankar tsoka a kai gwaji, kuma ciwon da ya dawo yakan iya sauya hali ya bambanta da na farko, shi ya sa likitoci kan so a sake gwajin. Kada ka ga kuɗin gwajin ka ce asara ce, domin shi ne zai hana ku sayen magani mai tsada da ba zai yi aiki ba. Daga nan ka roƙi a rubuta maka ƙiyasin kuɗin a takardar asibiti mai hatimi, a rarraba shi kashi-kashi. Jimillar da ta fi albashin shekara biyu tana karya zuciyar mai nema da mai bayarwa, alhali abin da ake buƙata a hannu yau shi ne kuɗin gwaji da na zagaye biyu ko uku na farko.

Da wannan takarda za ka wuce sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin, wanda mutane da yawa ke wucewa ta gabansa ba su san amfaninsa ba. Gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon daji a 2021, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da kuke zuwa a Shika yana cikin asibitoci shida da aka fara da su. Ciwon uwargida yana cikin ukun nan. Kuɗin asusun yana da iyaka, masu nema suna da yawa, ana kuma tantancewa, don haka ka cike takardun tun yanzu, amma kada ka dakatar da magani kana jiransa. Ka kuma tambayi kantin maganin asibitin game da shirin rangwamen magungunan kemo da Ma'aikatar Lafiya ta ƙaddamar a 2019 tare da wasu ƙungiyoyin waje, wanda ake sayar da wasu magunguna a ƙasa da farashin kasuwa ga waɗanda aka yi wa rajista. Tunda kai ma'aikaci ne, ka bincika ko kana cikin inshorar lafiya ta jiha, wato KADCHMA, ko ta tarayya, ka je da kanka ka ji abin da take ɗauka, ko da gwajin jini da hoto ne da kuɗin gado, domin waɗannan ƙananan kuɗaɗen su ne ke rarake aljihu ba a ankara ba. Akwai kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu da suka daɗe a wannan fage, irin su Medicaid Cancer Foundation da Project PINK BLUE a Abuja. Rubuta musu tare da kwafin takardun asibiti ba zai ci maka komai ba.

Yanzu sai maganar bidiyo, wadda na san ita ce ta raba kan gidan. Yayanta ba mugunta yake nufi ba. Ya ga ana sa marasa lafiya a intanet kuɗi yana shigowa, ƙanwarsa ce ke kwance, kuma ƙila zai ce maka ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Amma Malam, jikin nata ne, ciwon kuma a wurin da mace ta fi suturtawa yake. Matar da aka yanke wa mama, gashin kanta ya zube sau ɗaya yana shirin sake zubewa, abin da ya rage a hannunta shi ne ikon cewa wa zai gan ta, wa ba zai gan ta ba. Idan aka ƙwace wannan da sunan ceton ranta, za ta shiga magani da karyayyar zuciya, kuma bidiyon da ya shiga waya ba ya dawowa. 'Yarku za ta iya cin karo da shi a wayar ƙawarta shekara biyar nan gaba. Saboda haka a wannan batu ina bayanta, kuma kai ne ya kamata ka tsaya mata a gaban danginta, cikin ladabi, ba tare da ka bar ta tana jayayya da yayanta daga kan gado ba.

Sai dai ƙin bidiyo daban, ƙin taimako daban, kuma ina zaton idan ka zauna da ita a natse za ka tarar tsiraici take gudu da zama abin nuni. Ka gwada kawo mata zaɓi mataki-mataki. Za a iya rubuta sanarwa da sunanka kai, a ce iyalin Malam wane ce ba ta da lafiya, a haɗa da takardar asibiti da aka rufe sunanta da lambar katinta, babu hoto ko ɗaya. Za a iya taƙaita ta ga zaurukan WhatsApp na dangi, da na malaman makarantarku, da na Islamiyyar da take zuwa, ba tare da an kai ta dandalin da kowa ke gani ba. Ita za ta karanta rubutun kafin ya fita, ta cire abin da ba ta so. Sannan ka ba yayanta aiki, domin mutumin da ke da zafin nema idan aka hana shi hanya ɗaya ba a nuna masa wata ba, fushi yake yi. Shi ya dace ya riƙe ɓangaren danginsu da abokan mahaifinsu.

Game da kunyar da kake ji, ina tuna maka hadisin Ƙabisa da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana mutum uku da roƙo ya halatta gare su, cikinsu har da wanda tsananin buƙata ta same shi har mutum uku masu hankali daga jama'arsa suka shaida haka. Ka ga addini bai ɗauke ka maroƙi ba, ya ma nuna maka tsarin da za ka bi. Ka samo mutum uku da ake jin maganarsu, misali limamin masallacinku, da wani dattijo daga danginta, da wani abokin aikinka mai riƙon amana, su zama su ne fuskar neman. A buɗe asusu na daban wanda ba a haɗa shi da na albashinka ba, zai fi kyau idan sai mutum biyu sun sa hannu ake cire kuɗi, ko kuma masu manyan gudummawa su biya kai tsaye a asibiti a kawo musu rasit. A sami littafi guda, duk abin da ya shigo a rubuta, duk rasit a manna, kuma bayan kowane zagayen magani a aika wa masu taimako taƙaitaccen bayani: an karɓi kaza, an kashe kaza, saura kaza. Na taɓa zaman jinyar wata 'yar uwata, kuma ina tuna yadda mijinta yake zuba rasit a cikin ledar biredi yana cusa ta a aljihun babbar riga. Ranar da wani daga cikin dangi ya yi gunaguni a kan inda kuɗi ke tafiya, ledar nan ya zazzage a kan tabarma, maganar ta mutu a wurin. Mutanenmu suna da hannun kyauta, abin da ya sa suke ɗari-ɗari shi ne yawan 'yan damfara da ke yawo da hotunan marasa lafiya.

Kada ka raina abin da ke hannunka. Malamin da ya daɗe yana koyarwa a Zariya yana da ɗalibai a banki, da asibiti, da soja, da kasuwar Sabon Gari, wasu ma a ƙasashen waje, kuma da yawansu za su ji ciwo idan suka ji labarin a makare. Mutum 200 idan kowa ya ba da naira 5,000 an tara miliyan ɗaya, kuma ya fi sauƙi ka sami mutum 40 da za su ɗauki alkawarin wani abu duk ƙarshen wata fiye da attajiri ɗaya da zai ɗauke nauyin gaba ɗaya. Ga jinyar da za ta ja lokaci, irin wannan alkawari na wata-wata ya fi tarin rana ɗaya amfani. Masu hali na kusa kuwa ka taka ka same su, ko ka tura ɗaya daga cikin dattawan nan uku, zumunta a ƙafa take, saƙon waya kuma yana da sauƙin mantawa. Ka faɗa musu a fili cewa zakka ta halatta a kanka, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambaci mabuƙata da waɗanda bashi ya yi wa katutu, kai kuwa ka shiga duka biyun. Kada ka tsaya ga 'yan kasuwa masu fitarwa a watan azumi kaɗai, manoman Giwa da Soba da Makarfi suna fitar da zakkar masara da kaka, buhu kuma kuɗi ne. Wanda ba shi da kuɗi yana iya ba da jini idan an buƙata, ko ya riƙa kai ku Shika a motarsa ranar allura, ko ya ɗauki kuɗin makarantar yaro ɗaya na zango guda. Idan wani tsohon ɗalibinka da ke Ingila ko Amurka ya kawo shawarar GoFundMe, wato shafin intanet na tara gudummawa, ka sani ba a buɗe shi da asusun bankin Najeriya, sai dai shi ya buɗe a can ya turo, don haka sai wanda ka amince da shi ƙwarai.

Abin da zan hana ka da babbar murya shi ne bashin manhajojin waya. Ruwansu yana ninkuwa cikin makonni, kuma idan ka makara sukan bi lambobin da ke wayarka suna aika saƙon cin mutunci, ka ga asirin da kuke ta rufewa ya tonu ta hanya mafi muni. Haka kuma kada araha ta ja ka ga sayen allurar daji a hannun wanda ba ka sani ba, domin NAFDAC ta sha fitar da gargaɗi kan jabun irin waɗannan magunguna, wasunsu kuma sai a cikin sanyi ake ajiye su, zafi yana lalata su.

Gida kuwa ka bar shi a ƙarshen layi. Uwargida tana da gaskiya a tsoron da take ji, kuma idan likita ya ce maganin na dannewa ne, sayar da gida zai iya ƙarewa cikin watanni ya bar ku a haya da jinya ba ta ƙare ba. Idan ya ce akwai kyakkyawan fatan warkewa, kuma kun bi duk hanyoyin nan saura wani gibi sananne, to a lokacin ne za a zauna a auna, kuma ko a nan akwai matakai kafin sayarwa, kamar sa haya a wani sashe ko shagon ƙofar gida. Gonar tata ce, gadonta ce, ba kai ba yayanta babu mai hurumin sayar da ita sai da yardarta. Idan ta amince, bayar da ita haya na shekara biyu ko uku a karɓi kuɗin a dunƙule ya fi sayarwa, tunda ƙasar tana nan. Amma ina so ka saurari kalmar nan tata ta "ka ƙyale ni" da kunne biyu. Wata mace takan faɗe ta ne don ta gaji da kemo da amai da zubewar gashi, kuma wannan ra'ayi ne da ya cancanci a kai shi gaban likita a tattauna, domin ko wanda ya zaɓi rage magani yana da haƙƙin a kashe masa raɗaɗi, akwai magunguna har da ruwan mofin da ake bayarwa a asibiti don haka. Wata kuma takan faɗe ta ne don ta ga mijinta ya rame, ta ƙirga fili da babur da suka tafi, ta ɗauki kanta kaya. Idan wannan ce, amsarta a bakinka take. Ka faɗa mata, ba sau ɗaya ba, cewa ba ka taɓa nadamar filin nan ba.

Hajiya kuma a bi ta da lalama, domin ƙauna ce ta sa ta nemo mai maganin, ga shi ta ga ɗanta yana neman nutsewa. Sai dai duk wanda ya yanka wa sankara wa'adin kwana arba'in ya faɗi abin da ba shi da iko a kai, kuma kwana arba'in ɗin nan su ne mafi tsada a wurinku, domin ciwon ba ya jira. Wasu jiƙe-jiƙen suna wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda su ne ke ɗaukar nauyin kemo, maganin da ake shafawa a kan ƙullutu kuma yakan mayar da shi gyambo. Kada ka yi musu da ita a kan wannan, ka tafi da ita asibiti rana ɗaya ta ji daga bakin likita, sannan ka roƙe ta ta riƙe ɓangaren addu'a da sadaka da kula da jikoki ranar da kuka tafi allura. Duk abin da za a ba uwargida ta sha, ko da zuma da habbatus sauda ne, a fara sanar da likitanta.

Kai ma ka sami mutum ɗaya da za ka riƙa faɗa wa abin da ke cikinka, kuma ka sanar da shugaban makarantarku halin da ake ciki domin a daidaita maka darussa a ranakun asibiti, albashin nan shi ne ginshiƙin da komai ya jingina da shi. Manyan yaran kuma a gaya musu gaskiya daidai hankalinsu kafin su tsinta a bakin maƙwabta. A wannan makon ka fara da ganin likita da karɓo takardar ƙiyasi, ka biya ta sashen jin daɗin marasa lafiya a ranar, da daddare kuma bayan yara sun kwanta ka karanta wa uwargida sanarwar da ka rubuta ka ji gyaranta. Idan kun ji amsar hoton bayan, ka sake rubuto mini, mu duba maganar gonar tare. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa, ya buɗa maka ta inda ba ka zato.